Takardu Tara a Aljihun Teburina

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan magariba

Yau an tara mu a ƙarƙashin rumfar da ake shanya gyaɗa, wai reyinyo. Alhaji Goni, mai kamfanin, ya yi magana minti biyu ya shiga motarsa, ya bar mu da sabuwar kontabul ɗinsa mai riƙe lissafi, Khairat, wadda aka kawo daga Damagaram wata biyar da suka wuce. Sa'ar Mansura ƴata ce. Ta zo da ordinater, kwamfutarta ke nan, da takardu, ta tsaya daidai inda nake tsayawa in ina raba aiki.

Maganar kes ɗin ritaya ce, asusun ajiyar tsufanmu. Shekara goma sha huɗu ana cire mana wani abu a albashi kowane wata, Alhaji ya ɗora kwatankwacinsa, a ajiye a banki. Yanzu wai an miƙa kes ɗin ga wani kamfanin asirans, wato inshora, na Yamai, kowa zai zaɓi inda za a juya masa nasa. Gida uku ne a takardar. Gidan A, takardun gwamnati, riba kaɗan, amma uwar kuɗi ba ta taɓuwa. Gidan B, rabi da rabi. Gidan C, hannun jari a manyan kamfanoni, a kasuwar Abijan, yana hawa yana sauka. Wanda ya zaɓa ya zaɓa, ba canji sai bayan shekara uku. Ranar Juma'a 28 ga wata ake rufewa. Shafi'u direba ya tambayi batun kuɗin ruwa, ta ce malamai sun duba duka ukun, ta ɗaga wata takarda mai tambari.

Duk wannan bai dame ni ba. Sai da ta ce, "Masu shekaru kamar su Baba Faruku da Baba Tamu, ku ba sai kun wahalar da kanku ba, A ne naku."

Ta haɗa ni da Tamu a numfashi ɗaya. Tamu ɗan dako ne, mutumin kirki, amma ni shef magazan ne, mai kula da ɗakin ajiya. Shekara goma sha tara lakilen buɗe magazan ɗin nan yana aljihuna, ba ƙwayar gyaɗa ɗaya da ta shiga injin mai ba tare da ta hau baskil ɗina an auna ta ba.

Na miƙe. Na ce mata ni na bar lekol a katiriyam, aji na uku na kwaleji, ranar da ubana ya rasu, na yi dako a tasha, kuma gidan da nake ciki da kwanonsa da famfonsa ba digirin lisans ne ya gina shi ba, wake ne. A saya da kaka lokacin da manomi ya matsu, a rufe ɗaki, a buɗe da bazara. Abu mai hawa da sauka ni na san shi tun ba a haife ta ba. Na ce a rubuta, Faruku gidan C.

Ƴan dako suka yi tafi. Ta yi murmushi ta tattara takardunta.

Talata, 4 ga Nuwamba, da sassafe

Baba. Wa ya ce ta kira ni Baba. Kowa a kamfanin nan Shef yake cewa, har Alhaji.

Laraba, 5 ga Nuwamba, bayan azahar

Sun kawo mini takardunsu. Su tara, ƴan dakon dindindin, Tamu a gaba. Kowa ya riga ya dangwala yatsansa a ƙasa, gidaje ukun nan kuwa fayau, ba alama.

Haka muke yi tun farko. Ranar biya ni nake nuna inda za a sa yatsa. In na auna buhu na zana lamba da alli, ba wanda yake leƙa allurar baskil, ba su iya ba kuma ba su damu ba, ana biyansu ladan dako a kan abin da allina ya ce.

Na ce, "Malam Tamu, ba ku ji bayanin yarinyar ba?"

Ya ce, "Mun ji, Shef. Ya shiga ta nan ya fita ta nan. Inda ka sa, nan za ka sa mana."

Hafiz, wanda yake cikin matasansu, ya ce, "Mu ma a kai mu Abijan ɗin, ko ba mu je da ƙafa ba kuɗinmu su gano mana teku." Aka yi dariya.

Na karɓa na sa a aljihun tebur na kulle. Ita ta zo ta ga yadda ake riƙe mutane. Ba da ordinater ba ne.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

A bayan takardar akwai zanen yadda gidan C ya tafi bara, layi mai hawa da gangara. Na zauna na duba shi sosai. Ya sauka wajen Oktoba, ya tashi wajen Mayu. Kaka da bazara ke nan, ko makaho ya gani. Yanzu muna Nuwamba, lokacin saye.

Na ɗauka na je biro, ofishin Khairat, don ta san ba da ka na yi magana ba. Na aza yatsa na nuna mata.

Ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce, "Baba, kamfanin tarho da banki ba su da kaka. Bara ne kawai ya faɗo haka." Ta juyo mini da ordinater, ta nuna na shekaru shida. A wata shekarar layin ya gangara tun Janairu bai ɗago ba har shekara ta ƙare, ya shiga ta gaba yana ƙasa.

Na ce ai daga baya ya tashi.

Ta ce, "Ya tashi. Wanda yake da shekara ashirin a gaba ya jira. Kai saura nawa?"

Na ce ba ita ta haife ni ba da za ta ƙidaya mini shekaru. Na fito. Ban rufe mata ƙofa ba.

Saura shekara uku. Kowa ya sani, yana cikin dosiyen takardun aikina.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Shafi'u ya kawo gyaɗa daga Bande. Yana sauka daga kamiyo ya matso kusa da kunnena ya ce, "Na Kwaya, sarkin kasuwar Abijan. Wake na gaishe ka."

Tare muka yi dako a tasha da shi muna samari, shi ya sa yake ganin bakinsa ba shi da linzami a kaina. Na sa shi ya jira awa biyu a rana kafin na sa hannu a takardar lodinsa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan azahar

Zalika matata ta ji labarin reyinyo a bakin matar Hafiz. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Baban Mansura, kes ɗin nan shi kaɗai ya rage fa."

Na ce wa ya tambaye ta.

Ta ce, "Ba wanda ya tambaye ni. Wancan karon ma ba wanda ya tambaye ni."

Na ɗauki moto, babur ɗina, na fita, ban ci tuwon ba. Maganar abin da ya faru a Kwaya ba ta shiga kayen nan da nake rubutu a ciki. Na sayi kaye don in rubuta abin da nake so, ba abin da mata ke so ba.

Talata, 11 ga Nuwamba, bayan la'asar

Tamu ya sauke buhu yau ya kasa miƙewa. Ya tsaya a dunƙule yana riƙe da ƙugu, wai yana gyara takalmi. Takalmin roba ne, ba abin gyarawa a jikinsa. Na ce ya zo ya riƙe mini alli, na aika Hafiz ya ƙarasa layinsa.

Muna zaune ya fara ba ni labarin da ban tambaya ba. Saura wata goma sha huɗu ya bar aiki. Zai koma Dogo-Dogo, gonar ubansa tana nan. In an ba shi kuɗin kes zai sayi shanun huɗa biyu da amalanke, ya yi noma da damina, da rani ya yi jigilar ruwa da tubali. Har ya san wajen wanda zai sayi amalanken, wani maƙeri a Dungas, sun yi magana.

Ya ce, "Da wannan C ɗin naka, Shef, ƙila ma har da tunkiya biyu."

Na ce ya riƙe allin da kyau, yana karya mini.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, bayan magariba

Takardar shafi huɗu ce. Na uku da na huɗu ƙananan rubutu ne kamar ƙwan tururuwa, da irin faransancin da ba a koya mana a kwaleji ba. Da gangan suke yi, don mutum ya je ya durƙusa gaban mai lisans. Ban je ba. Na ɗauko tsohon ƙamus na Mansura a cikin akwatin littattafanta, na bi kalma kalma.

Ga abin da na fitar, layi biyu, awa ɗaya da rabi. A gidan C uwar kuɗi ba ta da garanti. Ranar da mutum ya bar aiki, farashin ranar za a ba shi.

Farashin ranar. Ba a ce ka rufe ɗaki ka jira bazara ba. Ranar da ka fita, ko kasuwa tana sama ko tana rami, a auna maka a sallame ka.

Ai Khairat ta faɗi haka a reyinyo, in ji Zalika, wai matar Hafiz ta ce. Ba ta faɗa da wannan hanyar ba. Da ta faɗa da na ji.

Asabar, 15 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je Kwaya gaisuwar rasuwa. Hanya ta bi ta gaban ɗakin da na ajiye wake, ba yadda zan yi. Ban tsaya ba. Kwaɗon yana nan, wanda na saya da tsada don kar a yi mini sata. Ba ɓarawon da ya zo.

Buhu sittin da biyu. To, na rubuta. Kuɗin filina na biyu ne duka. Farashi ya hau, na ce bai kai ba. Ya ƙara hawa, na ce saura kaɗan. Mutanen ƙetaren iyaka da nake jira ba su zo ba, kuɗinsu ya lalace a hannunsu. Ruwa ya sauka. Sauran ba sai na rubuta ba.

Ba kuskuren lissafi ba ne. Shekara ashirin da biyar ina yin haka ina ci. Sau ɗaya ne.

Sau ɗayan dai.

Litinin, 17 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Na buɗe aljihun tebur. Na sa alama a gidan A a takardu tara, ɗaya bayan ɗaya, ta Tamu ce ta farko. Tawa na sa a gidan C.

Na faɗa a gaban mutum talatin, ina tsaye, an yi tafi. Ba zan koma in ce wa sa'ar ƴar cikina ta yi gaskiya ba. Kuɗina ne, in sun ƙone ni suka ƙone wa. Amma ban ga dalilin da zai sa shanun Tamu su je Abijan ba.

Na ba mai gadi ya kai mata a cikin ambulan. Magana ta ƙare.

Laraba, 19 ga Nuwamba, bayan azahar

Ba ta ƙare ba. Khairat ta zo har magazan, da takalminta mai tsini a cikin ɓawon gyaɗa.

Ta ce kamfanin asirans ba ya karɓar takardar wanda ya sa yatsa sai an karanta masa zaɓinsa da baki, a gaban shaida, ya ce ya yarda. Gobe za ta kira su.

Na ce mutanena ne, sun ba ni amana, ba a taɓa karanta musu komai ba a kamfanin nan kuma ba a taɓa cutarsu ba.

Ta ce, "Na sani, Shef. Doka ce, ba ni na yi ta ba." Yau Shef ne, tunda tana son abu. Sannan ta ce na kyauta a kan Tamu, amma Hafiz da matasa ukun nan A bai dace da su ba, suna da shekara talatin a gaba, B ko C ya fi musu. Ta ce tawa kuma in ina so ta ba ni sabuwar takarda, ba wanda zai sani.

Ba wanda zai sani. Ita fa? Ita ba mutum ba ce?

Na ce ta fita mini daga magazan, ƙura za ta ɓata mata kaya.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ta kira su. Ta tagar magazan ina ganin ƙofar biro. Sun shiga suna raha, sun fito fuska a murtuke. Hafiz ya kalli wajena ya tofar da yawu. Ƙila ƙura ce.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan sallar Juma'a

Ba wanda ya ce mini ina kwana. Mutum tara.

Ba su ce sun yarda ba, ko ɗaya. Mai gadi ne ya kawo mini abin da ake faɗa a bakin ƙofa. Wai Shef ya san inda maiƙo yake, ya zuba wa kansa, ya tura su gidan da ba riba. Wai in mutane suka yi yawa a gidan C ribar raguwa take, kamar tuwo a kwano ɗaya, shi ya sa na rufe ƙofa na bar su a waje. Wai ƙila ma akwai abin da mutanen Yamai suka ba ni.

Ni. Ni da na tsaya gaban Alhaji shekarar da injin ya ƙone na ce ba za a sallami ɗan dako ko ɗaya ba. Ni da na kai matar Hafiz likita a kan motona tana naƙuda. Jakai. Ka ɗauke musu kaya su harbe ka.

A masallaci Tamu ya canza sahu.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da safe

Ita ta jawo. Da ta bar takardun nan yadda na kai su da yanzu kowa yana cikin lafiyarsa.

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan magariba

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Na aza buhu a baskil, na ɗaga alli, sai ga Hafiz a bayana yana leƙen allura. Bai iya karanta ta ba, na san bai iya ba, amma ya tsaya yana kallo, sauran suna kallonsa. Buhu arba'in, kowanne sai ya leƙa. Don haushi na rubuta bakwai kamar ɗaya.

Da aka tashi Tamu ya tsaya a bakin ƙofa. Bai shigo ba, bai cire hula ya sosa kai ba yadda ya saba.

Ya ce, "Shef, tambaya ɗaya. Gidan da ka sa mu, yana da kyau?"

Na ce yana da kyau.

"To me ya hana ka shiga?"

Na ce ni da shi ba ɗaya ba ne, ni na san kasuwa, ina da abin da zan jingina da shi in ta faɗi.

Ya ce, "Wato mai abu shi ake ƙara wa. Mu da ba mu da komai a bar mu da kaɗan ɗin." Ya ce sun karɓo sababbin takardu, ranar Juma'a su tara za su shiga C da yatsunsu, ba sai na wahala ba. Ya ce, "Shekara goma sha tara ban taɓa tambayarka lamba ba. Allah ya isa ban ce ba, amma na ji ciwo."

Na ce ya je ya shiga rijiya ma in yana so.

Abin jingina. Ni na faɗa da bakina.

Talata, 25 ga Nuwamba, bayan la'asar

Shafi'u ya same ni a wajen mai shayi, ya ja ni gefe. Yau ba wasa a fuskarsa.

Ya ce, "Faruku, ni na kwaso waken nan daga Kwaya. Ni na ga yadda buhu yake motsi da ƙwari, ka ɗaga shi ya zube gari. Ni na kai wa masu kiwon raguna suka saya kuɗin dusa. Wata goma sha biyar ban faɗa wa ko matata ba. Ka tara mutanen nan ka gaya musu abu mai hawa yana faɗuwa, kuma ya taɓa faɗo maka a ka. Tamu zai ji. In ba ka faɗa ba ni zan faɗa."

Na ce in ya buɗe baki, ni ma na san adadin litar man gazuwal da ke ɓata tsakanin Dungas da Magarya.

Ya dube ni ya ce, "Ka san ƙarya kake."

Na sani. Bai taɓa satar ko ɗigo ba, shi ya sa har yau gidan haya yake. Ya biya kuɗin shayinsa da nawa ya tafi. Wannan biyan ya fi zagi.

Ba zan tsaya gaban ƴan dako in ce ga ni, na karye ba. A garin nan in aka ji an ji ke nan. Masu neman auren Mansura ma sai sun ji.

Laraba, 26 ga Nuwamba, bayan azahar

Khairat ta sake zuwa. Wannan karon da silifa.

Ta ce ta zauna da Tamu sau biyu, ta zana masa a ƙasa da tsinke, ta ce masa in kasuwa ta faɗi a watan da zai fita zai iya rasa sa guda cikin biyun. Ya saurara har ƙarshe, ya yi mata godiya, ya ce, "Ƴata, in da haɗari Shef ba zai sa nasa ba."

Ta ce, "Ba ni suke ji ba. Ba kai suke ji ba ma yanzu. Hannunka kawai suke kallo."

Na ce ai ita ce mai lisans, ta san yadda za ta yi.

Ta ce, "Ranar reyinyo ban kyauta ba da na ambaci sunanka a gaban mutane. Ban san wurin ba tukuna." Ta ajiye sabuwar takarda a kan baskil ta fita.

Ban ce ta ba ni haƙuri ba. Ban nema ba. Haƙurin ma a tsaye ta ba da shi, kamar mai karanta sanarwa. Takardar tana nan inda ta bar ta, na aza mata dutsen kilo biyu don kar iska ta ɗauka, kayan kamfani ne.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, bayan magariba

Zalika ta wanke mini farar riga ta goge ta rataye a ƙofa. Ban ce mata gobe akwai wani abu ba.

Shafi'u bai faɗa ba. Ya wuce ni sau biyu a farfajiya kamar bai san ni ba.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ƙarfe tara suka yi layi a ƙofar biro, kowa da takardarsa, tawadar yatsa a buɗe a kan tebur. Na bar magazan a buɗe, abin da ban taɓa yi ba, na ratsa su na shiga. Na ce ta fito mini da takardata ta farko. Ta fito da ita. Na yaga ta biyu a gabansu. Na shimfiɗa sabuwar a kan teburinta, na ɗauki bik ɗinta na rubutu, na sa alama a gidan A, babba, yadda na bayan layi zai gani. Na sa hannu.

Hafiz ya ce, "A'a, Shef, Abijan ɗin fa?"

Na ce na fasa. Ya ce me ya sa. Na ce don na ga dama, kuɗin ubansa ne?

Ba wanda ya yi dariya. Suka kalli juna. Na ji wani a baya yana cewa ƙila an gano wani abu ne a gidan C ɗin. Su faɗi abin da suke so.

Ta yi ƙoƙari a kan matasan, ta ce Hafiz ka tsaya ka ji, kai B ya fi maka, kana da lokaci. Ya ce inda Shef ya gudu ya koma nan zai koma. Su huɗun duka A suka shiga. Ta rufe ido ta buɗe ta rubuta. Ita ma ta ɗanɗana, ba komai ordinater ke gyarawa ba.

Tamu ne na ƙarshe. Ta cike masa, ta karanta masa. Ya ɗauki takardarsa da tawa ya jera su, yana kallon wannan yana kallon waccan, shi da bai san A daga B ba. Ina tsaye dab da shi, kafaɗata tana taɓa tasa. Na miƙa yatsa zan nuna masa wurin.

Ya juya wajenta. Ya ce, "Ƴata, nawa wane gida ne?"

Ta ce, "A ne, Baba."

"Nasa fa?"

"Shi ma A."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Sannan ya dangwala. Ya goge yatsan a gefen wandonsa, ya yi mata sai an jima, ya fita.

Na mai da hannuna aljihu. Na koma magazan, kamiyon Dungas ya iso, buhu tamanin, na auna su duka kafin a kira salla. Hafiz ya leƙa goma na farko, daga nan ya gaji.

Kuɗin Tamu dai ba inda za su. Ya je ya sayi shanunsa da amalankensa. Ba sai ya gaishe ni ba.